Marigayi Alhaji Mamman Shata Da Waƙoƙinsa

Yawancin ɗaliban da ke cikin wannan kwaleji yau ba a haife su ba tukuna sa'ad da Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin shekarar 1999. Ba su taɓa ganinsa tsaye a fage ba, shi kuma bai taɓa ambaton sunan ɗayansu cikin waƙa ba. Duk da haka da yawa daga cikinsu suna yawo da muryarsa cikin wayoyinsu. Waƙoƙin da aka yi yayinsu bara da bara waccan tuni an share su don a sami wurin sababbi, ga shi kuwa waƙar da aka ɗauka tun kakanninmu suna samari tana nan ba ta gushe ba. Wannan abu ya isa a tsaya a duba. Saboda haka na ga ya kamata in ba da tarihin mutumin nan, ko ma gane abin da ya hana waƙarsa tsufa.

An haife shi a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunansa na yanka Muhammadu. Sunan ubansa Ibrahim Yaro, na uwarsa Lariya, asalinsu kuwa Fulani ne. Laƙabin nan na Shata wani ɗan'uwansu ne da a ke kira Baba Salamu ya sa masa, ya bi shi har ya danne sunan yanka.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, gidan su Shata ba gidan kiɗa ba ne. A zamanin nan kuwa sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya tashi a bakin zuga-zugi, ɗan mahauci a bakin kwata, ɗan makaɗi ya tashi yana ɗaukar wa ubansa ganga. Kiɗa da waƙa roƙo a ke ɗaukarsu, maroƙi kuwa, kome kuɗinsa, ba a kan jera shi da manoma da malamai ba wajen daraja. Don haka da yaron ya fara nuna sha'awar waƙa, ubansa ya ƙi ƙememe, yana ganin abin kunya ne ɗansa ya miƙa hannu a ba shi. Ya sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa ya shiga tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. In an ci tuwon dare kuma sai ya fita dandali wurin samari da 'yan mata, a yi ta waƙe-waƙe don nishaɗi, ba don a ba shi ko anini ba. Nan ne ya gagari tsaransa. Sannu a hankali labarinsa ya ƙetare Musawa, ƙauyuka suka shiga aiko masa, har dai ya ajiye faifan talla ya kama waƙa gadan-gadan, uban yana so ko ba ya so.

Daga Musawa ya koma Bakori, wurin ubangidansa Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Daga Bakori ya riƙa fita da makaɗansa har Katsina da Kano. A Kano ne tauraronsa ya fito sosai cikin 1952, wurin bikin nan da a ke kira Bikin 'Yan Sarki, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da yawa a lokaci guda. Wanda ya yi wasa gaban taron nan ya burge, to, ya burge ƙasar Hausa duka, gama babu inda ba a zo daga can ba. Cikin 1960 ya tare a Funtuwa, ya zauna nan kusan shekara 40, har ƙarshen ransa, ko da ya ke yana da gida a Kano da Musawa.

Zaman Funtuwa ba ƙaramin abu ba ne cikin tarihinsa. Gari ne na auduga, ga injin gurza, ga tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ga manyan motoci suna ratsawa dare da rana tsakanin Zariya da Sakkwato. Irin garin nan yana tara 'yan kasuwa da direbobi da 'yan kamasho da ma'aikata da mata masu zaman kansu, kowa da kuɗin kashewa, kowa kuwa yana son a san da shi. Manyan mawaƙan da suka riga shi, da waɗanda suka yi zamani da shi, galibi na fada ne. Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Salihu Jankiɗi da taushinsa na fadar Sarkin Musulmi ne. Musa Ɗanƙwairo ma da kotso ya yi suna wajen sarakuna. Mawaƙin fada yana da ubangida ɗaya, yana da iyakar waɗanda zai yi wa waƙa. Shata kuwa bai yarda a ɗaure shi a turke ɗaya ba. Gaskiya ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, shi ne babban ubangidansa, ya kuwa yi masa waƙar da ta shiga cikin fitattun waƙoƙinsa. Amma bakin da ya yabi Sarkin Daura shi ne ya yabi direba, da ɗan kasuwa, da dogari, da sarkin bori, da mace mai abin hannunta. Waƙoƙin Ummaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu, da Hassan Sarkin Dogarai, da Garba Bichi, da Mamman Ɗa, da Sarkin Bori Sule, duk yau an fi sanin mutanen ta bakin Shata bisa ga ta kowace hanya. In ka jera waƙoƙinsa ka saurara, kamar ka zauna ne a bakin tashar Funtuwa kana kallon jama'ar Arewa suna wucewa ɗaya ɗaya.

Ko gangar da ya zaɓa ma tana nuna haka. Kalangu ba ganga ce ta fada ba. Kiɗan mahauta ne, da na 'yan mata a dandali. To, a nan zan ɗan daɗe, don a ganina rabin asirin yana cikin gangar nan. Kalangu siririya ce a tsakiya, tana da fata a bakinta biyu, ga tsirkiyoyi sun haɗa fatun. Makaɗi ya kan saka ta a hammata. In ya matse, fata ta ɗame, murya ta hau. In ya saki, murya ta sauka. Harshen Hausa kuwa, kamar yadda malamanmu na nahawu su ke koya mana, harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗi. Saboda haka kalangu yana iya bin hawa da saukar magana har mai saurare ya ji kamar kalmomi a ke furtawa. Makaɗan Shata amshin waƙar su ke kaɗawa. Kafin ya buɗe baki jama'a sun riga sun san waƙar da za a yi, sun fara yi da kansu.

Ginin waƙar tasa kuma mai sauƙi ne ƙwarai. Ya kan ba da amshi gajere, layi ɗaya ko biyu. 'Yan amshi su riƙe shi, ba su ƙara kome, ba su rage kome, tun daga farko har ƙarshe. Wannan ya bambanta da tsarin mawaƙan fada, inda 'yan amshi su kan karɓi ɗan waƙa daga bakin ubangidansu su ƙarasa masa, su yi ƙari, wanda ba ya yiwuwa sai an zauna an yi bita an haddace. Shi Shata da ya ɗora amshi kamar ya kafa ginshiƙi ne, sauran fili nasa ne shi kaɗai. Tsakanin amshi da amshi ya jefa abin da ya ga dama: kirari, ko habaici, ko labarin tafiya, ko sunan wanda ya shigo yanzun nan, ko tsawa ga makaɗin da ya yi sanyi. An shaide shi da cewa ba ya zama ya shirya waƙa a gida. A fage ya ke ƙirarta, jama'a na kallo. Shi ya sa shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Amshin ya sa yaro ƙarami ya iya waƙar ran da ya fara jinta, abin da ke tsakanin amshin kuwa ya sa dattijo ya saurare ta shekara 30 bai gama tsintar abin da ke ciki ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar cikin Bakandamiya. Manyan mawaƙan Hausa su kan yi waƙa ɗaya wadda su ke ɗauka ita ce uwar waƙoƙinsu, su kira ta da wannan suna. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa. Cikin ta Shata ba wani basarake a ke yabo ba. Kansa ya ke wasawa. Ya yi wa kansa kirari, ya faɗi fifikonsa a kan sauran mawaƙa, ya ja kunnen masu son karawa da shi, amshi kuwa godiya ce kawai ta makaɗa. Ya yi ta sau da yawa cikin shekaru masu yawa, a gidajen rediyo da wuraren biki, babu kuwa guda biyu da suka zo daidai. Wata doguwa, wata gajera, wata yana cikin raha, wata ka ji da wanda ya ke. Saboda haka in mutum biyu suna gardama a kan Bakandamiya, ya kamata a fara tambayarsu wacce kowannensu ya ji.

Na san akwai samari a cikinmu da ke sha'awar kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka da a ke kira hip hop, musamman tsofaffin faya-fayensa, har su kan ce na yanzu bai kama ƙafar na da ba. Ba zan yi musu gardama ba, sai dai in nuna musu abin da ke gidansu. Kiɗan nan ya tsiro ne a unguwar Bronx ta birnin New York cikin 1973, inda wani saurayi haifaffen Jamaika, DJ Kool Herc, ya riƙa ɗaukar ɗan gutsuren faifai inda ganga kaɗai ke tashi, yana maimaita shi da garmaho biyu don masu rawa. Daga baya masu baki suka hau kan maimaicin nan suna zuba magana. Me su ke zubawa? Yabon kai, da zambo ga abokan hamayya, da sunayen unguwanni da abokai, wani lokaci kuma nan take su ke ƙirarta. Wanda ya san Bakandamiya ba zai ji wannan baƙon abu ba ne. Wanda kuma ya san Gagarabadau, waƙar zambon da Shata ya yi wadda har yau a ke jin zafinta, ya san ba a Amurka aka fara yanka mutum da baki a kan kiɗa ba. Ban ce wani ya koya daga wani ba, kowa da hanyarsa. Amma akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci. Faifan nan Illmatic da mawaƙi Nas ya fitar cikin 1994, waƙa 10 ne, an tsara su, an gyara, an rufe. Yadda aka ji shi ran farko haka a ke jinsa yau, har babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin faya-fayen da a ke adanawa don tarihi. Shata bai bar mana abu rufaffe irin wannan ba. Abin da ya bari shi ne abin da na'ura ta yi katarin kamawa a wata rana, a wani wuri. Daren da ba a kunna na'ura ba, waƙar ta tafi da iska.

Ga yadda na'urar ta bi da shi. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe, wanda ga mawaƙi irin Shata ko gaisuwa ba ta ƙare ba. Sa'an nan aka buɗe gidan Rediyon Kaduna cikin 1962, muryarsa ta shiga kowane lungu na Arewa, ta ƙetara Nijar da Kamaru da zangon Hausawan Gana. Kamfanin EMI ya buga waɗansu waƙoƙinsa a manyan faya-faye masu ɗaukar kamar minti 20 a gefe. Amma kaset ne ya yi masa rana, tun daga shekarun 1970. Kaset yana cin minti 60 ko 90, yana da araha, kowa yana iya kwafa, ga shi direba yana iya sa shi a mota. Direbobin da ya yi wa waƙa su suka yi dakon muryarsa zuwa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Yau kaset ya wuce, waƙoƙin sun koma cikin waya da intanet, amma mai kunnen basira zai ji shuuu ɗin tsohon kaset a bayan waɗansunsu, alamar an kwafa daga kwafe.

Ɗalibanmu da su kan je koyon aikin koyarwa a Assakio, a kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, za su iya gwada maganar nan da kunnensu. Garin Alago ne, Hausa harshen kasuwa ce a wurin, ba harshen da aka sha a nono ba ga yawancin mutane. Amma a zauna a teburin mai shayi, ko wurin da a ke lodin doya, a ga in an sa Shata wa zai tambaya wane ne wannan. Hausarsa ce ta ba shi wannan. Narambaɗa gwani ne wanda ba a ja da shi, amma Hausarsa ta Gobir ce mai zurfi, cike da kalmomin sarauta da na doki, har Bakano ya kan nemi mai fassara. Shata da Hausar tasha da kasuwa ya ke waƙa, wadda Ba'alago da Eggon da Tibi suka iya, ya kuwa sarrafa ta har ta ɗauki nauyin da ba a zaci za ta ɗauka ba.

Ba yabon mutane kaɗai ya yi ba. Ya yi waƙar farkar da 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojan Nijeriya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata cikin 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, mutanen ƙauye da yawa ta bakinsa labarin ya zauna musu. Ya yi waƙar noma, ya yi ta dabbobi, ya yi begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ba kuwa zan ɓoye ɗaya gefen ba, tun da malamai za mu zama, yara kuma za su tambaye mu. Shata ya yi waƙar mashaya. Ya yi wa 'yan bori. Zambonsa ya kan yi tsanani, akwai gidajen da har yau ba a son a sa waɗansu waƙoƙinsa, gama wanda aka yi wa zambon ya mutu, amma jikokinsa suna nan suna ji. Malaman addini da yawa ba su yarda da sana'arsa ba, yadda ubansa bai yarda ba tun farko. Mutane kuma sun ji tsoron bakinsa, har waɗansu suna danganta shi da iskoki. Ni dai ina ganin kaifin basira da ƙarfin hali sun isa su bayyana abin da aka gani. Ra'ayina shi ne, malamin Hausa da ya hana ɗalibansa Shata ɗungum ya hana su rumbu guda na harshe, wanda kuma ya kwaso kome ya zube gaban 'yan aji ɗaya bai san aikinsa ba. Sai a zaɓa. Na'urar da ta adana gwanintarsa ita ta adana ɓarnarsa, ba ta tace kome ba, tacewar ta rage ga mai koyarwa.

Siyasa ma ya taɓa ta. Ya yi kansila a Kankiya cikin shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, amma bai daɗe a kujerar ba, don ba mutum ne mai iya bin umurnin wani ba. Ba don wannan a ke tuna shi ba.

Abin mamaki, masana sun riga hukuma gane darajarsa. Cikin 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka cikin al'ummar Hausa da Fulani. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Cikin 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa, aka sa wa mai tallan alewar Musawa, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, riga da hular malaman jami'a. Daga ran nan a ke ce masa Dakta Mamman Shata. Ya kai waƙarsa ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kai ta Ingila da Amurka. Bayan rasuwarsa, cikin 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda ya kamata ɗakin karatunmu ya mallaka, in bai riga ya mallaka ba.

Ya yi waƙa fiye da shekara 50. A ƙarshen ransa ciwo ya matsa masa, aka kwantar da shi a Kano, aka kai shi Jidda neman magani, aka komo da shi. Ya rasu ran Juma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya zauna ba. Daura aka kai shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, nan aka yi masa sutura aka rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.